Sakatare Pyo da Ranakun Matattun Dalnae

Pyo Chun-bae bai taɓa zama shugaban komai ba. Sakatare ne, sakataren ƙungiyar da mutanenta na cikin ƙasa suka fi na samanta yawa. Ƙungiyar 'yan asalin Dalnae ke nan, ƙauyenmu da ruwan dam ya shanye tun ina amarya. Ofishin ƙungiyar ɗaki ne guda a saman shagon miyata, don haka duk takun da ya yi a kaina yake yin sa, kuma na san shi fiye da yadda yake so a san shi.

A Dalnae gidansu na ƙasa da namu, daf da injin niƙa. Ya girme ni, Yaya nake ce masa tun ina yawo ba takalmi. Da ruwa ya hau aka kwaso mu aka zube a wannan gari na bakin tafki, kowa ya kama gabansa, wasu Seoul, wasu masana'antun bakin teku. Shi bai je ko'ina ba. Ya samu aikin tuƙa jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa a kan tafkin, kuma duk sanda jirgin ya zo saitin Dalnae sai ya rage wuta, fasinjoji su ɗauka don su yi hoto ne. Bai yi aure ba. Na haɗa shi da mata har na gaji, ba wadda ta dawo karo na biyu. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Yaya, mutumin kirki ne, amma duk hirarsa ta waɗanda suka mutu ce."

Ba ƙarya ta yi masa ba. Kafin ruwa ya iso an tone kaburburan ƙauye, masu 'ya'ya suka kwashe nasu. Waɗanda ba su bar kowa ba aka haɗa su a wani tudu bayan gari. To kowa ya sani mamaci yakan dawo cin abinci a ranar da ya mutu, shekara-shekara, kuma ba ya kuskuren rana. In ya tarar an buɗe ƙofa, an ajiye shinkafa da miya, an soka cokali a tsaye, sai ya ci ya koma. In bai tarar ba, ya juya da yunwarsa sai baɗi. Waɗannan marasa kowa su Chun-bae ya ɗauka a kansa. Ni ke dafawa, shi ke rubuta sunan mai ranar a farar takarda, ya zuba giyar shinkafa, ya rusuna, ya ƙona takardar. Haka muke tun gashina yana baƙi.

Ranakun nan da can a kan tsofaffin matan ƙauye suke, ba a rubuce ba. Ƙanensa Chun-gil, wanda ke aikin kwamfuta a Seoul, shi ya zo wata shekara lokacin bikin kaka da na'urarsa, ya zauna a tsakiyar tsofaffin yana bugawa daga bakinsu kai tsaye. Ina wurin. Wannan ta ce tsoho wane ya mutu ranar kaza, waccan ta ce, "Ƙarya kike, ranar ce saniyarku ta haihu, shi sai da aka kwana biyu." Sai sun yi faɗa sun shirya kafin Chun-gil ya buga. Duk da lissafin wata suka ba shi, don da shi aka haife su da shi aka binne mutanensu, wasu ma a watan ƙari da ke zuwa jefi-jefi. Ya rubuta kowace rana yadda aka faɗa masa, da kalmar "wata" a gabanta. Sannan ya bar wa yayansa na'urar, ya haɗa masa wata 'yar manhaja: ka kunna da safe, ta duba rumbun sunayen, ta juya lissafin wata zuwa na kalandar bango, ta gaya maka su wane ne ke tafe a wannan mako. Da aka ce ya buga a takarda ya ce takarda damshi ke cinye ta, wannan kuwa har jikoki.

Chun-gil bai kai ga jikoki ba, ciwon hanta ya ɗauke shi. Tsofaffin matan suka bi ɗaya bayan ɗaya, sai wadda ake kira 'Yar Punggi kaɗai ta rage, ita ma a gidan kula da tsofaffi. Na'urar dai ta ci gaba da aikinta a kan teburin ofis, Chun-bae na goge ta da tsumma kowace safiya. Ta ɗauke masa nauyin tunawa, shi kuma ya sakar mata.

A taron shekara kullum sai yaran ƙungiya sun tayar da maganar, yaran da su ma furfura ta cika musu kai. Shugabanmu Eom, mai sayar da tayoyi, yakan ce, "Sakatare, duniya ta canza. Ko masu 'ya'ya yanzu rana ɗaya suke warewa su haɗa kakanninsu duka. Mu ma mu ware rana ɗaya mu huta."

"Kai in aka ce ka zo cin abinci ran Talata, ka zo ka tarar an ci tun Lahadi, me za ka ce?"

"Ai sai a sanar da su."

"To je ka sanar da su. Tudun na nan bayan gari."

A nan maganar ke mutuwa, sai wata shekara.

Da daminar bara na'urar ta mutu. Na ji takunsa a sama yana kai da komowa, sannan ya sauko da ita rungume a ƙirji, ya wuce ni ko gaisuwa babu. Na rufe tukunya na bi shi shagon Seok mai gyaran kwamfuta, don na san in ba ni kusa zai iya yarda da duk abin da aka gaya masa, ko ya ƙi duk abin da aka gaya masa. Tsakiya ce dai ba ya da ita.

Seok ya buɗe cikinta ya yi tsaki. Ya ce ruwa ya gama da ita, amma ya yi dabara ya ciro rumbun sunayen ya zuba a 'yar filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Manhajar Chun-gil kuwa ta ƙi tashi a kan kowace sabuwar na'ura, ta tsufa da yawa. Ya ce, "Baba, kayanka na ciki lafiya lau. Ƙofar ce babu."

"To nuna mini su."

Seok ya buɗe wani baƙin allo, ya buga wasu kalmomin Turanci, fararen rubutu suka zubo a guje suka wuce. Ya ce haka ake yi, sai ka koyi yaren tambayarsa, ka buga tambaya ya ba ka amsa, in ka kuskure ko ɗigo ɗaya ya yi banza da kai. Chun-bae ya kalli allon, ya kalli yatsunsa da igiyar jirgi ta kangarar.

"Ni ba tambaya nake so in yi ba. So nake in gan su a jere, suna nan, rana nan, kamar gidajen ƙauye in ka hau tudu. In nuna da yatsa, in akwai gyara in gyara. Babu irin wannan?"

"Akwai su da yawa, Baba. Sai dai wadda za ta buɗe tsohon abu irin wannan, sai an nema. Ni kuma ka ga aiki ya yi mini yawa." Ya miƙa masa filas ɗin. "Na ajiye kwafi ɗaya a nan wurina, saboda tsaro."

Nan fa Chun-bae ya tsaya cak. Ya ce me ake nufi da kwafi. Da aka yi masa bayani fuskarsa ta canza. A wurinmu ba a yi wa mamaci mazauni biyu. In gidan babban ɗa ke ciyar da shi, ƙane ba ya girka nasa teburin daban, don kada mamacin ya tsaya a hanya ya rasa inda zai nufa. Chun-bae ya ɗauki wannan ya ɗora a kan na'ura.

"Ka bar mutanen Dalnae a shagon nan, tsakanin wasannin yara da hotunan banza? Goge."

"Baba, ba mutane ba ne, rubutu ne."

"Goge ina kallo."

Na ce, "Yaya, kai dai ka cika taurin kai. Bar masa mana, me zai ci maka?" Ya ce, "Maman Dong-u, ke da miya aka san ki." Seok ya ɗaga kafaɗa ya goge, tsohuwar na'urar kuma ya jefa ta cikin tarkacen da masu gwangwan ke kwashewa.

Ƙungiya ta saya masa sabuwar kwamfuta, ya shiga nema. Mutumin da bai taɓa aika saƙo a waya ba sai da na tsaya a kansa, shi ne ya koyi shiga zauren da masu wannan sana'a ke hira a intanet. Da yatsa ɗaya ya rubuta musu buƙatarsa, da gaisuwa mai tsawo da ban-haƙuri, kamar mai neman aure. Yakan sauko da rana ya karanta mini amsoshin ina yankan albasa. Wani ya ce, "Kaka, wannan abin ai ya girme ni." Wani ya ce ya koyi buga umarni kawai, mako biyu ya ishe shi. Wasu biyu suka manta da shi gaba ɗaya suka kama faɗa a kan wace manhaja ta fi. Masu kirki suka jero masa sunaye, ya bi su ɗaya-ɗaya. Wata ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Wata ta nemi ya ba ta adireshin wata babbar na'ura da ba shi da ita. Wata ta buɗe, har ya ƙwala mini kira, na hau da gudu da gwiwar nan tawa mai ciwo, muka tarar sunayen duk sun zama alamomin tambaya da 'yan akwatuna. Ya rufe da sauri kamar wanda ya buɗe ƙofa ya ga abin da bai kamata ba.

Duk wannan lokacin ranaku na wucewa. Na iyayensa da na wasu 'yan tsiraru yana riƙe da su a ka, muka yi musu. Sauran kuwa bai san ko yau ce ko jiya ba. Ya rame, wandonsa ya koma sai da igiya. Wata rana ya bar miyarsa ta huce a gabansa, ya ce, "Tsoho Bang mai saƙar tabarma cikin zafi ya mutu, na tuna ana ta kukan gyare. Zafi kuma ya wuce." Na ce ya ci abinci, mamaci ɗaya da ya kwana da yunwa ya isa, ba sai an ƙara da rayayye ba. Bai yi dariya ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushinsa.

Ganye ya fara ja sannan wata mata a zauren ta ba shi sunan wata manhaja ta kyauta, ta kuma rubuta masa dalla-dalla inda zai taɓa don haruffanmu su fito daidai. Da hantsi ne, ina tsakiyar sallamar direbobin da ke cin abinci a shagona, na ji ya buga ƙasa da ƙafa sau da yawa, wanda shi ne kiranmu. Na bar kowa na hau.

Ga su nan. Jadawali fari tas, layi-layi, suna a hagu, unguwa a tsakiya, rana a dama. Ya riƙe linzamin kwamfutar da hannu biyu yana gangarawa a hankali yana karantawa da ƙarfi. Tsoho Bang. Makauniyar bakin rafi. Tagwayen da ƙyanda ta kwashe. Gwaggona da mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, wadda ke ɓoye mini busasshen kaki, ɗan itacen nan mai zaƙi, a hannun riga. Na zauna a ƙasa ban shirya ba. Rabona da ganin Dalnae a jere haka tun ranar da muka hau motar kaya. Shi kuma sai dariya yake yana share hanci da bayan hannu.

"Kin gani? Haka na ce musu. Kamar ka hau tudu."

Da a nan ya tsaya da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma shi abin da ya dame shi su wa ke tafe a wannan wata, jadawalin kuma bisa unguwa yake jere. Ya taɓa kan layin ranaku don su jeru, suka jeru a hargitse, watan goma ya riga watan biyu, na watan ƙari suka taru gefe guda. Ya yi ta lalube har ya gano dalili: na'urar ta ɗauki layin a matsayin rubutu kawai, ba ta san ranaku ba ne. Ya kuma gano wurin da ake gaya mata. Ya ji daɗin kansa ƙwarai, ya ce, "Ashe sai an gabatar mata da su." Ya zaɓi kalmar da ke nufin kwanan wata. Wani ɗan akwati ya fito da Turanci da alamar rawaya. Na ce, "Yaya, me ta ce?" Ya ce, "Kullum haka suke tambaya, ko ka tabbata." Ya danna.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Sunaye na nan, unguwanni na nan, layin dama ya koma fari fat daga sama har ƙasa.

Ita na'urar kalanda ɗaya ta sani, ta bango. Duk ranar da ta gani da kalmar "wata" a gabanta, ko watan ƙari, ko talatin ga watan biyu, a wurinta ba rana ba ce, sai ta zubar. Abin da akwatin ya faɗa ke nan, Seok ya fassara mana daga baya. 'Yan kaɗan ne suka tsira a can ƙasa, waɗanda suka mutu a asibitin gari aka rubuta su da kalandar bango. A cikinsu har da Chun-gil, wanda yayansa ko cikin barci aka tashe shi zai faɗi ranarsa.

Chun-bae ya rufe ya sake buɗewa. Ya zare filas ya hura mata iska ya mayar. Ya kashe na'urar ya kunna. 

Seok ya kwana biyu yana fama da filas ɗin, ya dawo da ita ya ajiye a kan teburin da hannu biyu. Ya ce manhajar ta rubuta sabo a kan tsoho nan take, ba ta da komawa baya. Kwafin da aka goge a shagonsa an daɗe da zuba wasu abubuwa a gurbinsa, masu gwangwan kuma sun zo tun kafin bikin kaka. Ya buɗe baki zai ce da an bar shi da kwafin nan, na harare shi ya haɗiye.

Saura 'Yar Punggi. Muka hau bas muka je gidan tsofaffin da lemo a leda. Muka same ta a keken guragu a bakin taga, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta kalli Chun-bae ta kira shi da sunan ubansa, ta tambaye shi ko ruwa ya iso injin niƙa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, bai iso ba tukuna. Tsoho Bang mai tabarma, yaushe ya rasu?"

Ba ta yi jinkiri ba. "Sha bakwai ga watan shida."

Ya rubuta a tafinsa. Watan shida zafi ne, ya yi daidai da kukan gyare. Ya waiwayo ya dube ni, idonsa ya kawo haske.

"Makauniyar bakin rafi fa, Inna?"

"Sha bakwai ga watan shida."

"Tagwayen gidan Ma?"

"Sha bakwai ga watan shida. Na ce masa kada ya je rafi, ruwa ya ƙaru."

Ni na san ranar. Duk 'yar Dalnae ta san ta, ranar da aka tsamo ɗanta na fari ce. Ita kaɗai ta rage mata, ita take ba kowa. Chun-bae ya ɓare mata lemo ya sa mata a baki ɓari-ɓari har ta ƙoshi. A bas ya yi ta goge tafinsa a wando.

A taron da ya biyo baya Shugaba Eom ya ce to yanzu dai ba sauran gardama, aka ware rana ɗaya a bazara. Chun-bae ya rubuta a littafin taro da hannunsa. Na ɗauka ya haƙura. Washegari da la'asar ya leƙo kicin ya ce in zuba masa shinkafa kwano ɗaya da miya ya hau da su sama.

"Ta wa?"

"Ban sani ba."

Kashegari ma haka, da wadda ta biyo. Yau kusan shekara ke nan ba a tsallake rana ba. Yakan buɗe ƙofar ofis, ya soka cokali, ya kafa farar takarda ba rubutu, ya rusuna ya ce, "Mai yau ya shigo." Da hunturu sanyin ke gangarowa ta matakala har cikin shagona, direbobi na ƙorafi, ni ma ina yi. Na ce masa in su biyu suka zo fa, ko su uku? Ya ce 'yan Dalnae ne, sun saba ci a kwano ɗaya. Na ce in ba kowa fa? Ya ce to shi zai cinye, ba a yi asara ba. Amma na sha hawa ɗaukar kwano in tarar da shi tsaye da alkalami a hannu, yana kallon takardar. Mutumin da aka kira ba da sunansa ba, ko ya shigo bai san don shi aka dafa ba, kuma Chun-bae ya fi ni sanin haka.

Har yanzu yana kunna na'urar kowace safiya. Manhajar na aiki lafiya lau, ita ce dai irin wadda ya nema. Yakan gangara da linzami yana bin sunayen, fararen guraben na biye da su a dama. Wani lokaci ya danna cikin gurbi, ɗan layin nan ya tsaya yana ƙyaftawa yana jiran a buga masa wani abu, shi kuma ya zauna yana kallonsa har shayinsa ya huce.

Makon jiya ya sauko da kwanon da kansa, yana dafa bango saboda ƙafarsa ta fara ja. Ya tsaya a bakin kicin ya ce, "Maman Dong-u, in tawa ta zo, kada ki bari a sa ta a cikin na'ura. Ki riƙe ta a ka, da lissafin wata."

Na ce, "To, Yaya."

Ban gaya masa cewa da safiyar ranar na tsaya a tsakiyar kasuwa da jaka a hannu, na rasa abin da ya kawo ni ba.